Ɗakin Dubai a Zafin Kabi

Duk wanda ya sauka a filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, ya kama hanyar Birnin Kebbi, zai ga sababbin gidaje suna tsirowa dama da hagu. In ya shiga ɗaya, kamar ya shiga duka ne: silin POP mai hawa-hawa, tayil mai ƙyalli, labule mai nauyi, da kujerun da aka kwaikwayo daga hotunan Turkiyya da Dubai a Instagram. Kamfanonin ƙawata cikin gida da suka yi wannan aiki su ne yau ke kukan kasuwa ta mutu, suna ɗora wa dala laifi.

Dala kam ta yi musu illa. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, ga janye tallafin mai da ya ƙara kuɗin dakon kaya daga Legas da Kano. Sai dai dala tona ciwon ta yi, ba ita ta kawo shi ba.

Ciwon shi ne yawancinsu ba basira suke sayarwa ba, dillancin kaya suke yi. Mai gida a Kabi ba ya biyan kuɗin shawara. A wurinsa shawara kyauta ce kamar gaisuwa. Saboda haka kamfani ke cusa ladansa cikin farashin tayil da labule, kuma gwargwadon kayan da ya lafta wa ɗaki, gwargwadon ribarsa. Wanda abincinsa ke cikin yawan kaya ba zai taɓa ce wa mai gida ya rage ba, ko da kuwa zafin Afrilu ya wuce maki 40, takardar bango ta fara ɓanɓarewa, ƙurar hunturu ta kwanta a kafet, an ɗauke wuta ɗakin ya koma tanderu. Balle a zo ga falon da aka haɗe da kicin, a gidan da ba a shigar da baƙo namiji sai zaure.

Kafin wani ya ce ƙasa da tabarma kayan talaka ne, ya leƙa gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda nan ne fadar Sarkin Kabi har 1942. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, kuma sarakuna suka zauna a ciki. A Marrakesh ta Maroko, masaukai masu tsada da yaɓen gargajiya da aikin hannun masu sana'ar garin suke jawo baƙi, ba wanda ya kira su ƙauyawa. A nan kuwa ga daɓe, ga makuba, ga azara, ga asabari da tabarmar kaba, ga jar fatar Sakkwato, babu ɗaya da ke jiran jirgin ruwa.

Kasuwa ba ta ƙare ba. Ba a daina aurar da 'ya'ya da kayan ɗaki ba, kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, duk shekarar da aka yi shi baƙi na neman masauki. Kamfanin da zai ci wannan kasuwa sai ya yi abin da ’yan’uwansa ke tsoro: ya rubuta kuɗin aikin kansa daban a takardar ciniki, mai gida ya gani da idonsa, ya yi ƙorafi, ya biya. Sannan ya zauna da kafinta da magini da masaƙin tabarma, ya ba su ma'auni da ranar kammalawa, domin saɓa alkawari da rashin daidaiton aiki su ne suka tura mutane ga kayan waje tun farko.