AIKIN NANA ASMA'U A BIRNIN SAKKWATO

In an tambayi yaron makaranta wanda ya gina birnin Sakkwato, nan da nan zai ce Muhammadu Bello ne, cikin 1809. Ya kuwa faɗi daidai. Amma ganuwa da ƙofofi kaɗai ba su isa su raya gari. Alƙalawa ma tana da ganuwa, yau sai kufai. Abin da ya riƙe sunan Sakkwato har yanzu shi ne ilmi, watau littattafan da aka adana da mutanen da aka koya wa karanta su. A cikin wannan aiki kuwa akwai hannun wata mace wadda ya kamata malaman makaranta su daina ambatonta a gurguje, ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

An haife ta a Ɗagel cikin 1793. Tana da shekara kamar goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, saboda haka ƙuruciyarta duk a cikin yaƙi da yunwa da ƙaura ta yi ta. Duk da haka ta haddace Alƙur'ani, ta iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ba abin mamaki ba ne, gama Shehu da kansa ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi saboda suna koyar da almajirai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Bello.

Aikinta na farko irin naku ne, ku ma'aikatan ofis. Shehu ya rasu cikin 1817, Bello ya rasu a Wurno cikin 1837, suka bar takardu masu yawa waɗanda suka sha yawo a bayan raƙuma lokacin jihadi. Ita da mijinta suka duƙufa wajen tattara su da rubuta labarin mutanen nan biyu tun waɗanda suka gan su da ido ba su ƙare ba. Aiki ne marar kirari, ba maroƙin da ya ke yi wa mai jera takardu waƙa. Amma daga wannan gida ne Waziri Junaidu ya fito, wanda ya riƙe sarautar Waziri daga 1948 har rasuwarsa cikin 1997, kuma masu binciken tarihi daga ƙasashe dabam dabam suka yi ta zuwa zaurensa neman littattafai. Da gara ta riga Nana isa ga takardun nan, da ba su sami abin zuwa nema ba.

Aiki na biyu shi ne wanda mu ke so a tsaya a kansa. Bayan yaƙe-yaƙe ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato sun cika da mata, da yawansu gwauraye ne ko waɗanda aka kamo, ba su san komai na addini ba sai suna, in ciwo ya zo ko baƙin ciki sai su nufi gidan bori. Matan aure ba su iya barin ɗakunansu su tafi birni karatu. Nana ba ta tsaya jiran a gina musu makaranta ba. Wajen 1840 ta tsara abin da a ke kira 'Yan Taru. A kowane ƙauye a kan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana, a kira ta jaji, kamar yadda fatake su ke kiran jagoran ayari. Jaji ta kan taho Sakkwato a ƙasa tare da tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, su zauna gaban Nana su ɗauki karatu, sa'an nan su koma gida su shiga ɗaki ɗaki suna koya wa matan da ke kulle.

Dubi hikimar da ke ciki. Karatun a waƙe ta shirya shi, don wadda ba ta san baƙi ba ta iya riƙe shi da ka tana daka ko tana kaɗi. Akwai waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai ta tarihin jihadi, akwai na tsarki da salla da zaman tare. Waɗanda ta yi da Fulatanci a kan mayar da su Hausa don talakawa. Sa'an nan kuma in za ta naɗa jaji sai ta ba ta malfa da jan rawani. To, malfa a ƙasar Gobir alama ce ta Inna, shugabar 'yan bori. Nana ba ta ƙona malfar ba, sai ta ɗauke ta daga kan Inna ta ɗora a kan malama, matan ƙauye suka ga girman da suka saba gani ya koma wurin ilmi. Mu da muka yi kwalejin horon malamai mun sha lacca a kan fara koyarwa daga abin da ɗalibi ya sani, ga shi wata ta aikata tun ba a haifi kakanninmu ba. Kyautar da matan su ke kawowa kuwa, hatsi da zuma da man shanu da zane, a kan raba wa marasa lafiya da mabukata.

Ta rasu cikin 1864, an rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, aikin ya wuce zuwan Turawa cikin 1903 bai mutu ba. Cikin 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga rubuce-rubucenta wuri ɗaya, sun kai wajen sittin.

Me ya kawo wannan magana yanzu? A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma aka rufe makarantun kwana na Jihar Katsina a lokacin. Duk wanda ya san Ƙetare da Faskari da Sabuwa ya san abin da irin wannan ya ke jawowa. In hanya ta yi tsoro, uba ya kan yi ƙarfin hali ya bar namiji ya tafi, amma 'ya mace ita a ke fara tsarewa a gida, daga nan kuma sai maganar aure. Yarinyar da ta bar aji huɗu ba safai ta ke komowa ba, ko da an buɗe makarantar.

Ba mu ce a bar ginin makaranta ba, tsaron yara kuwa haƙƙi ne a wuyan hukuma. Amma kafin hanya ta gyaru, babu unguwar da ba ta da matar da ta sauke Alƙur'ani, ko tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, ko ungozoma mai karatu. Su ne jajin zamanin nan, ba a dai naɗa su ba ne. Ya kamata kowane hedimasta ya san sunayensu, ya san 'yan matan da suka ɓace daga rajistarsa, ya haɗa su. Ma'aikatan ilmi na ƙaramar hukuma su ba su allo da alli da littattafan karatu, hakimai da dagatai kuma su karrama su a gaban jama'a yadda maigida ba zai ji kunyar barin 'yarsa ta shiga gidansu ba. Rajistar da za a fara dubawa ita ce ta aji huɗu zuwa shida, daga 2020 zuwa yau.