Masu kaɗa jitar pedal steel a Nashville: aiki na nan, amma kuɗin fa?

A birnin Nashville na jihar Tennessee ta Amurka, cibiyar waƙoƙin country, da wuya ƙwararren mai kaɗa jitar pedal steel ya rasa inda zai yi wasa. Dalili shi ne ƙarancinsu. A zaune ake kaɗa ta: hannuwa na kan tsirkiya, ƙafafu na taka feda, gwiwoyi na tura wasu ƙarafa, kuma sai an shekara da shekaru kafin a ƙware.

Sai dai yawan wasa bai cika zama yawan samu ba. A gidajen rawa na titin Lower Broadway, rukunonin makaɗa na karɓa-karɓa ne awa huɗu-huɗu, kuma kaso mai tsoka na abin da suke komawa da shi gida liƙi ne daga 'yan kallo. Makaɗi na iya yin zango biyu a yini don ya biya kuɗin haya.

Aikin sitidiyo, inda kuɗin kirki yake, ya fi zama a hannun 'yan tsiraru irin su Paul Franklin. Da yawa daga sauran na naɗar kiɗa a gida su aika ta intanet. Da annobar korona ta rufe gidajen rawa a 2020, mafi yawansu ba su da albashin da za su dogara da shi.