Filin Sinima: Inuwa Da Hannun Ƙarfe Cikin Yaƙin Taurari

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta, haka nan kuma wadda za ta ɓaci. Gwanayen shirya fim sun riƙe wannan magana ƙwarai, domin sau da yawa su kan nuna wa ɗan kallo ƙarshen labari tun ana tsakiyarsa, ta hanyar inuwa ko launin tufa, ba tare da kowa ya buɗe baki ba. A wannan mako filin zai duba yadda Ba'amurken nan George Lucas ya yi haka cikin jerin finafinansa na almarar kimiyya mai suna Star Wars, watau Yaƙin Taurari, musamman kashin da ya fito a 2002, Attack of the Clones.

Tun 1977 masu zuwa sinima suka san Darth Vader, mugun barde mai baƙin kwalkwali, wanda numfashinsa ke fita kamar zugazugin maƙera. Saboda haka da Lucas ya koma baya a 1999 don ya ba da labarin ƙuruciyar wannan mutum, kowa ya riga ya san inda yaro Anakin zai ƙare. Hoton tallan fim ɗin ma bai ɓoye ba: ga ƙaramin yaro a gefen wani gini cikin hamada, amma inuwar da ke jikin bangon ta Vader ce. Abin da ya rage shi ne a nuna hanyar da ya bi ya lalace.

Anakin bawa ne da aka 'yanta yana shekara 9, aka kai shi cikin Jedi, wata ƙungiyar mayaƙa masu tsaron Jamhuriya, wadda dokarta ta hana aure da ɗamfara zuciya ga wani mahaluki. Uwarsa kuwa an bar ta cikin bauta. Bayan shekara 10 sai aka ɗora masa aikin gadin Sanata Padme Amidala, wadda wasu ke neman hallakawa, ga shi kuma tun yana yaro ya ke ƙaunarta. Daga nan ya tashi tauna taura biyu, alkawarin aiki da muradin zuciya.

Alama ta farko tana ga tufafi. Galibin 'yan ƙungiyar su kan sa riguna masu haske da alkyabba ƙasa-ƙasa, amma Anakin an ɗaura masa baƙar fata a kan riga mai duhu. Ko cikin taro aka tsayar da shi, ido zai ware shi daban tun bai aikata laifin kome ba.

Ta biyu ita ce daren da ya bayyana wa Padme sirrinsa a wani gida bakin tafki, wurin da aka ɗauka a gaɓar tafkin Komo na ƙasar Italiya. Ɗakin duhu ne, ba haske sai na wutar murhu. Padme tana sanye da baƙar riga matsattsiya, da baƙin abin wuya da ya shaƙe mata maƙogwaro. Bakinta yana ƙin yarda, tana tuna masa cewa ita sanata ce shi kuma almajirin Jedi, in kuwa suka ɓoye abin za su rayu cikin ƙarya. Mai karatu ya riƙe wutar nan da wuyan nan, za su dawo.

Ta uku ta zo a duniyar Tatuwin, wadda aka ɗauki hotunanta a hamadar Tunisiya. Anakin ya bar inda aka umarce shi ya zauna, ya tafi neman uwarsa saboda mugayen mafarkai. Sa'ad da zai yi sallama da Padme, sai na'urar ɗaukar hoto ta kau da kai daga gare su, ta nuna inuwoyinsu kaɗai a jikin bango suna rungumar juna, kuma 'yan kallo da yawa sun ga siffar kwalkwalin Vader a inuwar kansa. A tafiyar nan ce uwar ta cika a hannunsa, shi kuwa ya karkashe mutanen sansanin da suka sace ta, har mata da yara.

Alama mafi nauyi an ajiye ta sai ƙarshe. A fagen yaƙi wani tsohon Jedi mai suna Dooku ya sare wa Anakin hannun dama, aka maye masa da na ƙarfe. Fim ɗin ya nuna dubban sojoji suna hawa jiragen yaƙi a ƙarƙashin jan sama, sa'an nan ya tsallaka kai tsaye zuwa ɗaurin auren Anakin da Padme da faɗuwar rana. Aure ne ba dangi, ba sanarwa, shaidunsa mutum-mutumi biyu ne na ƙarfe. Amarya ta miƙa hannu, sai ga yatsun ƙarfe sun riƙe nata.

A 2005, cikin Revenge of the Sith, aka biya dukan bashin. Anakin ya yi mafarki matarsa za ta mutu wurin haihuwa. Ya je neman shawara ga dattijo Yoda, amma ya kasa faɗin ko wace ce, domin auren ɓoye ne. Wanda ya san ciwonsa shi ne maƙiyi, Shugaba Palpatine, wanda ya yi masa romon baka da ikon hana mutuwa, shi kuwa ya sayar da ƙungiyarsa. Wutar murhun nan ta zama kogin wuta a duniyar Mustafar, a nan kuma ya ɗaga hannu mai baƙar safa ya shaƙe wuyan matar da ya ci amanar kowa dominta.

Wasu su kan ce darasin fim ɗin shi ne so da aiki ba su haɗuwa. Hotunan kuwa wani abu su ke nunawa, domin duk inda suka yi gargaɗi, akwai duhu da ɓoyo a wurin. Jedi suna da nasu laifi, da suka raba yaro da uwa suka kuma hana shi inda zai kai kukansa. Amma Anakin ne ya zaɓi riƙe muƙami da mata gaba ɗaya ta hanyar ƙarya, alhali ƙofar ajiye ɗaya a fili tana buɗe. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Duk wanda zai sake kallon finafinan nan uku ya lura da wani ɗan sassaƙaƙƙen abin wuya da yaron ya ba Padme a na 1999. Shi ne a hannunta ranar da aka ɗauko gawarta.