A Auna Kafin A Kwance: Magana A Kan Tsofaffin Katafilolinmu

Maƙalarmu ta wannan mako ta bar fagen adabi ta leƙa gareji, domin akwai wata asara da ake tafkawa a ƙasar Daura ba tare da an lissafa ta ba.

Duk mai bin hanyoyinmu da rani, daga Sandamu zuwa Mai'adua ko daga Zango zuwa Baure, ba zai rasa ganin katafila mai haƙa ba, wadda masu aiki ke kira eskabeta, tana loda wa tifofi burji ko tana yashe tafki. Da yawansu tsofaffi ne, irin su Caterpillar 320 da Komatsu PC200, waɗanda suka gama ƙuruciyarsu a ƙasashen waje kafin su iso hannunmu. Ciwon da ya fi kama su kuwa sananne ne: sanyin jiki. Hannu ya ɗaga da ƙyar, bokiti ya yi nauyi, juyi kamar ana lallashinta. Da zarar haka ta faru, hukuncin da ake yankewa a tsaye shi ne, "Famfo ya mutu." Sai a kwance shi a nufi Kofar Ruwa a Kano neman wani, a zuba miliyoyin naira. Wani lokaci a dace, wani lokaci a ɗaura sabo mota ta ci gaba da nawarta.

Ra'ayinmu a nan shi ne, bai kamata a yanke wa famfo hukunci ba sai an yi awo, kuma bincike daga abu mai araha yake farawa, ba daga mafi tsada ba.

Kada wani ya ce wannan matsalar masu mota ce su kaɗai. Akan yi hayar katafila da yini ne, ga kuɗin gas. A ce lafiyayyar mota tana ɗiba ta zubar ta dawo cikin daƙiƙa 20, wato bokiti 180 a awa. In ta yi sanyi ta koma daƙiƙa 30, bokiti 120 ke nan. Aikin kwana huɗu ya zama na kwana shida. Mutanen ƙauyen da suka yi karo-karo don a yashe musu tafki kafin ruwan Yuni su ne za su biya kwana biyun nan, ko kuma kuɗi ya ƙare aiki bai ƙare ba, damina ta sauka, dabbobi su rasa wurin sha tun kafin bazara.

To yaya motar take aiki? Inji yana juya famfo, famfo yana tura man haidirolik ta cikin tiyo da bawul zuwa silinda, silinda ta motsa hannu. Abu biyu ne a ciki, kuma rashin bambance su ne tushen yawancin ɓarnar. Matsin mai shi ke ba da ƙarfi. Yawan man da ke gudana shi ke ba da sauri. Saboda haka bakaniken da ya ga mota tana nawa ya kama bawul ɗin da ke kayyade matsi ya ɗaure shi da ka, ba geji, bai taɓa ainihin ciwon ba. Abin da ya ƙara shi ne haɗarin fashewar tiyo da yagewar robobi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Mai gyara na ƙwarai tambaya yake fara yi kafin ya ɗauki sifana. Duk gaɓoɓin motar ne suka yi sanyi, ko ɗaya ce? In hannu ɗaya ne kawai, ko yana zamewa ƙasa da kansa bayan an ɗaga shi an saki, to a duba robobin cikin silindar da bawul ɗinta, famfo ba shi da laifi. Da safe tana da kuzari, sai rana ta take ta mutu? Wannan alamar zafi ce. Mai in ya yi zafi tsinkewa yake yi, ya riƙa sulalewa ta duk inda ƙarfe ya ci. A watannin Afrilu da Mayu zafin Daura yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe lagireton da ke sanyaya man. In man ya wuce digiri 80, shi da robobi duk lalacewa suke yi. Sau da yawa wanke lagireton nan da gyara bel ɗin fanka sun isa su dawo da mota hayyacinta.

Inji yana shaƙewa yana fitar da baƙin hayaƙi in an ɗora masa nauyi? A duba matatar gas da ta iska, domin injin da bai kai saurinsa ba ba zai juya famfo yadda ya kamata ba. Famfo yana kuka mai tsini? Galibi yunwar mai yake ji: ko mai ya yi ƙasa a tanki, ko rariyar da ke bakin tanki ta toshe, ko iska na shiga ta tiyon zuƙa. A ɗebi man a kwalba a duba. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. In yana kumfa, iska ce. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone. A yanka tsohuwar matata a shanya takardar cikinta a rana. In aka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, a nan ne zargin famfo ya fara samun shaida.

Akwai kuma ƙaramin famfon da ake yawan mantawa da shi, wanda ke kai saƙon hannun direba zuwa manyan bawul. A irin waɗannan motoci masu nauyin tan 20, matsinsa yana wajen ba 40 ne a geji, na babban famfo kuwa yana haura ba 300. In ƙaramin ya raunana, ko 'yar matatarsa ta toshe, manyan bawul ba za su buɗe sosai ba, mota gaba ɗaya ta yi sanyi alhali babban famfo garau yake. Geji ne kaɗai zai raba wannan gardama, kuma kuɗinsa bai kai kusurwar kuɗin famfo ba. Agogon awon daƙiƙa kuwa yana cikin wayar kowa: a auna lokacin ɗaga hannu da safe, a sake aunawa da azahar, a gwada da abin da littafin motar ya ce.

Ko da famfon ne ya gaji da gaske, a tambayi abin da ya kashe shi. Man da ake ɗurawa daga buɗaɗɗiyar jarka a tsakiyar ƙura, ko baƙin man inji da ake ƙarawa don araha, su ne ke cinye shi a hankali. Wanda ya ɗaura sabon famfo bai wanke tanki da tiyo ba, bai canza mai da matata ba, ya shayar da sabon abin da ya kashe tsohon.

Wani zai ce kanikawanmu da kunne suke gane ciwo, kuma sun shekara suna riƙe da motocin da kamfanoninsu suka manta da su. Gaskiya ne, kuma mun jinjina musu. Amma kunne ba ya faɗin lamba. Gwaninta da geji in suka haɗu, ba wanda zai ja da su.

Dama kuwa tana gabanmu. Daura na da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tun 2019, ga Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a ƙarshen 2019, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda ya ratso ta ƙasarmu. Manyan injuna sun zo mana ke nan. Muna kira ga waɗannan makarantu da su buɗe gajeren horo da Hausa ga kanikawa da direbobin katafila. Ƙungiyoyin kanikawa su haɗa kuɗi su sayi akwatin geji ko da guda ne, a riƙa aro. Masu mota su ajiye littafin da za a rubuta ranar canza mai da matata. Masu haya kuma su ga motar tana aiki da rana tsaka kafin su biya, ba da sanyin safiya ba.

Gargaɗi ɗaya ga ƙannenmu yaran mota: a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a saki matsi kafin a kwance komai. Kada a lalubi yoyo da hannu, a sa kwali, domin man da ke fita da irin wannan matsi yana huda fata, har ya kai ga yanke yatsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Motar da za ta yashe tafki a watan Maris, tun Janairu ya kamata a auna ta. Allah ya tsare mana dukiya da lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.