Kada Mu Yi Gyaran Gangar Auzinawa

'Yan'uwana ɗalibai, ga wata magana da na ke so mu duba tun ba mu fita koyarwa ba. Yau kusan kowannenmu yana da rikoda cikin aljihu, watau wayarsa. In aka aike mu ɗauko tarihin gari a bakin dattawa, ko tatsuniya domin darasi, sai mu ɗauko, mu yanke nan mu datse can, mu aika wa juna ta WhatsApp. Murya ta yi daɗin ji, amma tambayi mai ita: wa ya yi maganar, a wane gari, ran nawa ga wata, me aka cire? Sau da yawa ba amsa. A ganina wannan gyaran gangar Auzinawa ne.

Ban ce kada a yi gyara ba. Yaran aji uku ba za su zauna awa biyu suna sauraron tari da carar zakara ba. Amma akwai abu biyu da bai kamata su salwanta wurin gyara ba: lambar lokaci da bayanin asali.

A zamanin tef, da reza mai gyara ya ke aiki. In tef yana gudun inci 7½ a sakan, wanda ya datse inci 15 ya zubar da sakan biyu na maganar mutum ke nan. A 1967 wani kamfani a Amurka ya fito da dabarar ba kowane wuri a tef na talabijin lambarsa: awa, minti, sakan, da lambar hoto. A talabijin irin tamu hoto 25 ke cikin sakan guda, a Amurka kuwa kusan 30. Da wannan lamba a ke haɗa murya da hoto har leɓe ya yi daidai da magana.

A 1997 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fito da wani irin fayil mai suna BWF. Fayil na WAV ne, sai dai an yi masa ɗan aljihu inda a ke rubuta abin da aka ɗauka, da wanda ya ɗauka, da rana, da lokaci. Na'ura tana auna sauti sau 48,000 a sakan, ana kuwa ƙirga awon tun daga sha biyun dare. Wanda ya fara ɗauka da ƙarfe 10 na safe daidai, lambarsa 1,728,000,000 ce. Saboda haka ko an yanko guntu daga tsakiya, in manhajar gyaran ta ƙwarai ce, guntun zai tafi da tasa lamba, a san inda ya fito.

To, ba kowace manhaja ke kula da aljihun nan ba. Wata da ka ajiye sabon fayil sai ta zubar da shi, lokaci ya koma sifiri. In kuma ka juya fayil ya zama MP3, lambar ba ta binsa, wani sashe na sautin ma ya tafi ke nan. Wanda ya rubuta a littafinsa cewa tsohuwa ta ambaci shekarar yunwa a minti na 23, sai ya je ya tarar da wata magana dabam.

Wani zai ce ai wannan damuwar ma'aikatan rediyo ce, ina ruwan malamin makaranta? Ga amsa. Daga 1909 zuwa 1915 wani Bature, Northcote Thomas, ya ɗauki ɗaruruwan muryoyi a kan faifan kaki a ƙasar Edo da ƙasar Ibo da Saliyo. Ya ba su lambobi, ya rubuta sunayen garuruwa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai masu bincike suka kai kwafi garuruwan nan, jikoki suka ji waƙoƙin kakanninsu. Da bai rubuta ba, wace ƙofa za a nufa?

Ainihin abin da aka ɗauka kuma shi ne shaida. A tef ɗin da aka ɗauka a ofishin Shugaba Nixon na Amurka ran 20 ga Yuni 1972, an tarar an goge minti 18½. Masanan da kotu ta sa suka duba tef ɗin kansa, suka ce aƙalla sau biyar aka yi gugar.

Mu dawo gida. A ce dattijo ya ce, "Ba mu ne muka fara zama a nan ba." Cire "ba" guda biyun nan, aikin da bai kai minti ɗaya ba, ka ji abin da ya rage. Ran da rigimar gona ta tashi aka kunna wannan murya, wa zai wanke dattijon, in ba ainihin abin da aka ɗauka ba?

Shawarata huɗu ce. Na ɗaya, tun da ya ke yawancin wayoyi ba su rubuta bayanin nan, ka fara da bakinka: sunan mai magana, garinsu, rana, ƙarfe nawa, da yardarsa. Na biyu, kada ka taɓa ainihin fayil. Yi kwafi, ka gyara kwafin. Na uku, ka rubuta kowane yanka: daga minti kaza zuwa kaza, saboda kaza. Na huɗu, ka buɗe sabon fayil ka duba ko bayanin yana nan kafin ka ba wani.

Mai kukan wurin ajiya ya sani, awa guda ta WAV mai kyau, ta makirufo ɗaya, wajen rabin gigabait ce. Wannan bai kai a zubar da maganar tsohon da watakila ba za a sake samunsa ba.

An koya mana cewa malami ba ya yage shafi daga rajistar aji. In ya yi kuskure sai ya ja layi ya sa hannu, kowa ya ga gyaran. Ina roƙonku mu riƙe muryar mutane da irin wannan amana.