Kafin Ka Ɗauki Hoto, San Inda Za Shi

Duk wanda ya je sayen waya, abin da mai shago zai fara yaba masa shi ne kyamara. Zai ce wannan tana da megafiksil 50, waccan kuma 108. Mai saye sai ya ɗauka cewa wadda ta fi yawan lamba ita ce ta fi kyau. Ya kai mai karatu, a ganina wannan lissafi bai cika ba. Girman da ya dace da hoto ya danganta ne da aikin da za a yi da shi.

Hoton da waya ke ɗauka ƙananan ɗige-ɗige ne masu launi, an jera su layi-layi. Kowane ɗigo sunansa fiksil, kuma ɗigo miliyan ɗaya shi ne megafiksil ɗaya.

Idan a fuskar kwamfuta ko talabijin za a kalli hoto, ba a bukatar ɗigo mai yawa. Allon da ke da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, megafiksil biyu da ɗan kaɗan kawai yake iya nunawa a lokaci guda. Babban hoto a nan cin wuri yake yi a waya, yana kuma cinye data wajen turawa. Haka ma wajen rajistar jarrabawa ta intanet, sau da yawa ƙaramin hoton fasfo ake nema, babba kuwa shafin ya ƙi karɓa.

Wanke hoto a takarda yana da nasa ma'auni. Masu ɗab'i sukan nemi ɗigo 300 a kowane inci. Saboda haka hoto mai inci 4 da inci 6 yana bukatar ɗigo 1200 da 1800. Cikakken shafin A4 kuwa yana bukatar kusan megafiksil 9. Ke nan kyamara mai megafiksil 12 ta wadatar da ɗalibin da zai sa hoto a mujallar makaranta.

Akwai ayyukan da yawan ɗigo ya zama dole a cikinsu. Mai ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen ajami domin adanawa yana so kowane wasali ya fito sarai, don rashin ɗigo guda kan sauya ma'anar kalma.

Wani zai ce, to me zai hana a riƙa ɗaukar babba kullum? Maganarsa tana da hujja, domin ana iya rage babban hoto, amma idan aka buɗa ƙarami sai ya yi dishi-dishi. Sai dai yawan ɗigo ba ya gyara hoton da aka ɗauka cikin duhu ko da hannu mai rawa. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shawarata ita ce, idan hoton mai muhimmanci ne, kamar na bikin yaye ɗalibai, ka ɗauki babba ka adana na asali. Ka rage kwafe domin turawa. In kuma za ka kai wa mai wanke hoto, ka tura masa a matsayin fayil, domin WhatsApp yakan rage girman hoton da aka tura kai tsaye.