ISTIHALA: BAYAN FATAWA, SAURA MAGANI

Sau da yawa idan jini ya zarce wa matar ɗan uwa, sai ya garzaya wajen malam neman hukunci. Malam ya ce istihala ce, ta yi tsarki ta ci gaba da salla da azumi. Daga nan maigida sai ya dawo hankali kwance, kamar an gama magana. Alhali kuwa fatawa matsalar ibada ta warware, ciwon yana nan daram.

Likitoci sun bayyana cewa al'adar lafiyayyar mace tana zagayowa ne cikin kwana 24 zuwa 38, ba ta kuma wuce kwana 8 tana zuba. Idan ta zarce haka, ko ƙunzugu yana jiƙewa duk bayan sa'a guda, ko jini ya biyo bayan saduwa, ko ya dawo wa dattijuwar da ta daina al'ada, to lallai akwai dalili. Yana iya zama ƙari a mahaifa, ko rikicewar sinadaran jiki, ko rashin daskarewar jini, ko ɓari, ko allurar tazarar haihuwa. Wani lokaci kuma sankarar bakin mahaifa ce, wal'iyazu billahi, wadda ake iya maganinta idan an gano ta da wuri.

A asibiti akan fara da gwajin ciki, sannan a auna yawan jini, a ɗauki hoton mahaifa, idan ta kama a ɗebi ɗan nama a bincika. Magani kuwa gwargwadon dalili ne: ƙwayoyin ƙarin jini, na tsayar da zuba, na daidaita al'ada, ko kuma tiyata. Amma matar da ta yi ɓatan wata, sannan jini ya ɓalle mata tare da matsanancin ciwon mara ko jiri, wannan ba ta jiran gobe, domin ciki a wajen mahaifa yana kisa.

Abin takaici, mata da yawa kunya ke hana su magana, ga kuɗin mota da na asibiti a hannun miji. Sai baiwar Allah ta yi ta ramewa tana haki, ana ɗirka mata jiƙe-jiƙe. Saurayin da ya ɗauki amanar 'yar mutane wajibinsa ne ya lura, ya tambaya cikin hikima, ya kai ta asibiti, ya nemi likita mace in da hali. Wanda bai yi aure ba ma yana da uwa da ƙanne.

Allah Ya bai wa marasa lafiya lafiya, amin.